Bin kogin Haɗeja da keke, daga Wudil zuwa Baturiya

Gonarmu ta rani tana bakin kogi, gabas da gadar Wudil, kuma tun tasowata da ruwan nan muke noman albasa da tumatur. Can sama koguna biyu ne, na Kano da na Calawa, sai sun haɗe suke isowa wajenmu. Daga nan ruwan ya nausa arewa maso gabas, ya ratsa Jigawa. Na daɗe ina son in bi shi in ga abin da yake yi bayan ya wuce mu. Mota ba ta biyan wannan bukata, domin masu shimfiɗa kwalta gudun fadama suke yi, tudu suke bi. Wanda ya shiga mota zuwa Haɗeja iyakarsa ya hangi ruwa ta taga a kan gada, kafin ya gyara zama an wuce. Don haka da muka gama dashen albasa, na bar wa yayanmu ban ruwa, ni da ƙanena muka ɗaura niyyar bin gaɓar kogin da keke, inda keke ya gaza mu taka da ƙafa.

Wurin Kawu na fara zuwa. A shekarun 1980 ya yi fataucin kifi banda, yana ɗauko shi daga ƙasar Haɗeja a bayan kekensa Raleigh, yana kawowa kasuwar Wudil ranar Juma'a. Na same shi a zaure bayan la'asar, muka gaisa, na ce, "Kawu, so nake ka zayyana mini hanyar da kuke bi."

Ya ce, "Hanyar da muka bi ai ruwa ya daɗe da cinye ta, ɗan nan. Garuruwa zan lissafa maka: Ajingi, Dabi, Ringim, Harbo, Miga, Auyo, Haɗeja. Abin da ke tsakanin gari da gari kuwa, kowace safiya ka tambayi wanda ya kwana a wurin. Kada ka bi maganar wanda ya ce maka bara ya wuce ta can."

Batun lokaci ya fi jaddada mini. Damina ba a maganarta, don a watan Agusta da Satumba kogin yana tumbatsa, fadama ta zama ruwa ɗaya. Oktoba zuwa Nuwamba ruwa na janyewa, amma laka ce mai riƙe taya. Daga tsakiyar Disamba zuwa farkon Fabrairu ƙasa ta bushe, sanyi na taimakon mai tuƙi, baƙin tsuntsaye kuma sun sauka. In Maris ya kama, zafin bazara ba zai bar ka ba. Sai dai hunturu ma da nasa sharaɗin, saboda iskarsa daga arewa maso gabas take kaɗowa, daidai inda muka dosa. Dabarar su Kawu ita ce a tashi da an sallame asuba, a ci hanya kafin iska ta taso da hantsi, a fake a inuwa har la'asar, sannan a ƙara ɗan abin da ya samu kafin magariba.

Wani abokina ya yi mini tayin kekensa mai giya, na yi godiya na bar masa abinsa. Yana da sauƙin tuƙi, ban musa ba, amma in wani ƙarfe ya karye a jikinsa a ƙauyen Miga, sai dai a ɗora shi a amalanke. Baƙin keken nan namu kuwa, Phoenix ko Hero, duk garin da kasuwa ke ci akwai mai sayar da tub ɗinsa da sifok ɗinsa. Muka kai namu wurin mai gyara a Wudil ya kwance su kaf. Ya wanke boris ya cusa giris, ya ɗaure sifok har wili ya daina rawa, ya canza robar birki, ya ja sarƙa. Da ya ji inda za mu, sai ya ɗauko tsofaffin tayoyi ya yanke bakinsu, ya shimfiɗa su cikin sababbin kafin ya sa tub. Keke ya ƙara nauyi, amma ƙayar aduwa da ta bagaruwa sai ta huda riɓi biyu kafin ta kai ga iska. A jakar kariya muka zuba famfo, sholisho, guntayen tsohon tub, filaya, sifana da sifok na ko-ta-kwana. Sauran kayan ba yawa: bargo, gidan sauro, darduma, buta, jarkar ruwa, tocila, man shafawa saboda faso da tsagewar leɓe, sai guzurin dabino da ƙuliƙuli da garin kwaki.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk waɗannan amfani, takarda ce daga dagacinmu mai ɗauke da hatiminsa, da sunayenmu, da garinmu, da dalilin tafiyar. A zamanin nan, baƙi biyu su ɓullo wa ƙauye ta bayan gari da ƙunshin kaya, 'yan sintiri suna da haƙƙin su tare su su tambaya. Muka haɗa ta da katin shaidarmu a leda.

Ranar tashi, yatsu da ƙyar suke riƙe kan keke don sanyi. Tururi na tashi daga kan ruwa, masu ɗiban yashi sun riga mu fita, tifofi sun yi layi a gaɓa. Da muka wuce su sai lambuna, ɗaya na bin ɗaya: albasa, tumatur, tattasai, masara, rake, injinan ban ruwa na ta ƙugi. A nan ba a gudu. Tiyon ban ruwa na gitta turba ko'ina, kuma ni da na san kuɗinsa ba zan taka na wani da taya ba. Ka sauka, ka ɗaga keke ka tsallake, ka ce sannunku da aiki. Sau da yawa daga wannan gaisuwar ake samun bayanin hanyar gaba.

Kafin mu fita ƙasar Ajingi mun gane cewa turbobin kwarin nan iri-iri ne. Akwai ta tsakiyar fadama, baƙar laka da ta bushe ta tsattsage, inda kofaton shanu ya lotsa tun tana ɗanya ya daskare a haka. Ita ce ta fi kusa da ruwa, amma tana girgiza mutum har haƙora, kuma ita ke karya sifok. Akwai ta kan tudu, tsakanin gonakin gero da aka girbe, wadda yashi ke shanye taya har sai an sauka an tura. In yashin bai yi zurfi ba, rage wa taya iska kaɗan yana taimakawa. Wadda muka fi nema ita ce ta tsakaninsu, daidai inda tudu ya gangaro ya sadu da fadama. A nan yashi ya gauraya da laka, sawun mutane da na jakuna ya daddaɓe shi ya yi sumul, itatuwa na ba ka inuwa ta hannu ɗaya, ta ɗaya hannun kuma kwari ne a buɗe har iyakar gani.

Ita ma tambayar hanya da yadda ake yinta. In ka ce, "Baba, ina hanyar Ringim?" to kwalta za a nuna maka, domin a ganin mai amsawa alheri ya yi maka, ya raba ka da wahala. Sai muka koma cewa, "Baba, masu kai kifi kasuwa ta ina suke bi?" ko "Ta ina 'yan lambun gaba suke zuwa nan?" Nan take amsa ke canzawa. Za a ce ka bi ta gindin kukar can, in ka tarar da rijiya ka yi dama, kada ka shiga kwarin da ke gabanta don har yanzu da taɓo. Waɗanda suka fi kowa sanin halin turba a ranar su ne masu fito, da masu tallar kifi a kan babur, da Fulani mata masu kai nono.

Iska ta taso da hantsi kamar yadda aka faɗa mana, da ƙura da komai, har feda ta yi nauyi. Muka sami tsamiya muka shimfiɗa darduma, muka jiƙa gari. Ƙanena ya so mu matsa, ya ce, "Yaya, ai da sauran ƙarfinmu." Na ce ya adana shi, gobe ma rana ce.

A ƙasar Ringim, wajajen Dabi, muka yi fitonmu na farko. Ɗan fito ya kwantar da kekunan a tsakiyar kwalekwale, ɗaya kan ɗaya, ya zaunar da ni a gaba, ƙanena a baya, ya ce kowa ya zauna ƙasa kada ya miƙe ko me ya gani. Ruwan rani ne, gora yake dogarawa da ita tana taɓa ƙasa, amma duk da haka na lura bai ɗauki kowa ba bayanmu sai mace ɗaya da ƙwaryarta, sauran ya ce su jira sawu na biyu. Na ji daɗin haka. Haɗarin kwalekwale a yankin nan yawancinsa daga lodi ne da kuma fiton dare, saboda haka muka sa wa kanmu doka: ba ma shiga jirgin da ya cika, ba ma ƙetarewa in rana ta yi ja.

Masauki bai taɓa ba mu wuya ba, don mun bi ta ƙofar da ta dace. Mukan shiga gari da sauran haske, mu yi magariba a masallaci, mu gaisa da liman, shi kuma ya haɗa mu da yaro ya kai mu wurin mai unguwa. A garin da muka fara kwana na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne daga ƙasar Wudil, kogi muke bi," na miƙa takarda. Ya sa aka haska masa ya duba hatimin, ya ce, "Baƙonmu na Allah ne. Ku shigar da kekunan zaure." Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka da tarwaɗa. Da safe ya zagaya da mu ya nuna mana zanen da ambaliyar 2022 ta bari a jikin bangon makaranta, ya kai ƙirjina, da kangayen gidajen ƙasa da suka narke, da jingar buhunan yashi da samarin garin suka kwana suna yi. Ya ce tun daga shekarar, mashigin da suka gada ya tashi daga inda yake, kogin ya yanki gonaki ta wannan gefe ya zubar da yashi ta wancan. A nan maganar Kawu ta zauna mini sosai.

Ringim ba mu daɗe ba. Mun sha shayi, mun ƙara iska, mun leƙa tsohon layin dogon Kano zuwa Nguru da aka kammala a 1930, wanda ya kwashi gyaɗar yankin nan shekara da shekaru. Garin ya sami masarautarsa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Jigawa. Daga nan muka sake gangarawa kwari.

Tsakanin Harbo ta ƙasar Jahun da Miga, nan ne wurin da zan tura duk wanda ya ce mini yanki ɗaya kawai zai iya bi. Kwarin ya buɗe ƙwarai, kogin ya bar tafkuna a baya da ya janye, kowanne ya rufe da bado, furanninsa farare suna buɗe da safe. Gefe guda tushiyar shinkafar da aka yanke, shanu na kiwo a ciki, balbela na bin ƙafafunsu. Gefe guda alkama ta fito kore shar, don ita sanyin nan take so. Gawo, wanda ya kakkaɓe ganyensa duk damina, yanzu ya yi lif, awaki na jiran 'ya'yansa a ƙasa. Goruba ta yi rassa bibbiyu a bakin tudu, yara na jifanta. Zalɓe na tsaye a ruwa da ƙafa ɗaya. A wani tafki muka tarar da masunta sun kwanta rub-da-ciki a kan manyan goruna suna iyo da su, suna duba ƙugiyoyin da suka kafa tun dare, kifin da suka cire suna jefawa cikin goran. Wasu na jefa birgi daga kwalekwale. Muka jingine kekuna muka zagaya tafkin da ƙafa, don akwai wuraren da in kana kan sirdi idonka na kan turba ne, ba ka ganin komai. Da ƙafa ne muka ga sawun tsuntsaye a laka, da ramukan da ake haƙo gaiwa, da mata suna tsinkar 'ya'yan bado.

A nan wata dattijuwar Bafulatana ta dama mana fura da nono mai sanyi, irin wadda ba a samu a gari. Ƙanena ya ɗaga waya zai ɗauki hoton garken da ke bayanta, na riƙe hannunsa na ce, "Inna, a ɗauka?" Ta ce shanun ba nata ba ne, a tambayi mai su. Muka tambaya, ya ce a ɗauki shanu ban da iyali. Haka muka riƙe har ƙarshen tafiyar, musamman a mashaya inda mata ke wanki da wanka. Can ma ba ma tsayawa, sallama muke yi daga nesa mu wuce.

Ƙaya ta sami tayar ƙanena ta baya duk da riɓin da aka yi mata, doguwar ƙayar aduwa ce ta shiga ta gefe. Muka kifa keken, muka zaro tub, muka ba shi iska, muna zuba ruwan buta a kai har inda ya yi kumfa. Aka kankare wurin, aka shafa sholisho, aka jira ya sha iska kafin a manna faci. Abin da ba a mantawa shi ne shafa cikin tayar da yatsa a zare ƙayar, in ba haka ba kafin ka yi nisa ta sake hudawa.

Kafin a kai Auyo, wani reshe ya ɓalle daga kogin, shi ne kogin Kafin Hausa. Mu muka bi babban, har madatsar da ke tare ruwa tana ba aikin noman rani na kwarin Haɗeja, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. An gyara aikin, shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya buɗe shi a farkon 2023. Ga mai keke, nan ne hanya ta fi daɗi, domin kowace babbar magudana da turba a kan jingarta, miƙaƙƙiya, ba yashi ba ƙaya, shinkafa da alkama dama da hagu. Amma kuma a nan ne na ga abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar, wato kacala, doguwar ciyawar nan ta ruwa.

Mu ma a Wudil mun san ta, amma tsiraru a bakin ruwa. A nan daji ce. Ta fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero, ta cike hanyoyin ruwa har ba ka ganin ruwan sai dai ka ji motsinsa a ƙarƙashi. Wani manomi da muka tarar yana saranta da lauje, ruwa har ƙugu, ya fito ya zauna da mu a kan jinga. Da ya ji daga inda muke, ya ce, "Ashe ku ne na sama." Ya nuna mini wani fili da ya ce mahaifinsa ya noma shinkafa a ciki, yanzu ko kwalekwale ba ya ratsa shi. Ya ce, "Malam, da can kogin nan yana ƙafewa da rani, har mu yi wasa a cikin yashinsa. Duk ciyawar da ta fito da damina, rana ta kashe ta. Yanzu ruwa ba ya yankewa, ita ma ba ta mutuwa."

Abin da ya faɗa haka yake. Madatsar Tiga, da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da ta Calawa da ke Ƙaraye, da aka gama a 1992, suna tare ruwan damina su riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan duk shekara. Da wannan ruwan ake noman Kadawa da Kura, da shi birnin Kano ke sha, da shi ni ma nake ba albasata a watan Janairu. Ba zan ce ba alheri ba ne, a cikinsa aka raine ni. Amma babbar ambaliyar da a da take wanke hanyoyin ruwa ta malale fadamun ƙasa ta ragu, sai ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, ga laka na taruwa, kuma abin da kacala ke so ke nan. In ta toshe hanya, ruwan sai ya kauce ya kwanta a gonar wani, wani kuma can gaba ya rasa ko ɗigo. A cikinta sauro ke haihuwa, a cikinta tsuntsayen jan baki ke kwana. Da yamma mun ga tashinsu, garke guda ya rufe sama ya sauka a kan shinkafa, yara a kan rumfuna suna jan igiya mai gwangwanaye suna ihu har muryarsu ta dushe. Gwamnatin Jigawa ta kawo injinan haƙa masu shiga ruwa, mun ga inda suka buɗe, ruwa na gudu fes. Manomin ya ce suna taimakawa ƙwarai, sai dai in aka bar wuri ba a koma ba, tana dawowa. Garuruwa kuma na yin gayya su shiga da lauje da adda.

Na so a ce duk wanda ke tayar da injin ban ruwa daga Kura zuwa Wudil ya zo ya zauna a kan jingar nan ko da yini ɗaya. Kogi ɗaya muke sha da mutanen nan, amma mu ba mu san halin da suke ciki ba, su kuwa sun san da mu sarai.

A ƙasar Auyo muka ratsa ta Kafur, inda a tsakiyar ƙarni na 19 Sarkin Haɗeja Buhari ya yi gamo da rundunar da aka haɗo masa daga Sakkwato da Kano da wasu masarautu, ya kuma rinjaye ta. Yau gonaki ne. Haɗeja kanta gari ne da ya cancanci tafiya tasa daban. A nan Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya ga Turawa, ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa a watan Afrilun 1906. Mu dai kasuwar kifi muka shiga, inda banda ke jibge a kwanduna da kwalaye, tarwaɗa da ƙarfasa da bargi da ƙurungu, ana lodinsu zuwa Kudu. Muka sa aka duba mana wili, muka cika jarka, muka nufi gabas, ƙasar Kirikasamma.

Daga nan harshe ma ya fara sauyawa, kana jin Hausa, kana jin Fulatanci, kana jin yaren Mangawa da na Badawa. Yanki ne da manoma da makiyaya ke matse juna a kan fadama da rani, wani lokaci har a yi rikici, saboda haka kafin mu bar kowane gari sai mun tambayi mai unguwa ko gaba lafiya. Lafiya muka tarar, alhamdu lillahi.

Baturiya ba a shigarta da keke, kuma ba a shigarta kai tsaye. Dausayi ne da aka keɓe. A 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, da faɗin da ya haura hekta 100,000, a 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mai da shi gandun daji na ƙasa, tare da Falgore ta Kano da wasu takwas. Muka bar kekuna a gidan mai gari, aka kai mu wurin ma'aikatan gandun, suka rubuta sunayenmu suka haɗa mu da ɗan jagora, wani magidanci ɗan garin. Ya ce mu kwana da shiri, tsuntsu ba ya jiran wanda ya tsaya karin kumallo.

Da duhu-duhu muka fita, shi a gaba da sanda. Turbar ta bi ta cikin bagaruwa da giyayya da kaba, wani wurin ƙasa busasshiya, wani wurin sai an tuɓe takalmi. Ya hana mu shiga ruwan da ke kwance ba ya gudu, ya ce nan ake ɗaukar tsargiya, ya zagaya da mu ta inda ya san ƙasa na da tauri. Muka isa bakin wani babban tafki gari na wayewa, ya ce mu tsuguna bayan kaba mu yi shiru. Kukan kirinjijiya muka fara ji kafin mu gan su, ɗaruruwa a gefen ruwa. Dinya na kiwo a cikin ciyawa, manya, baƙaƙe da farin ciki. Can tsakiya kuma wasu ƙananan agwagi ne da ban taɓa gani ba, sun rufe ruwan. Ya raɗa mini cewa waɗannan su ne baƙin, daga Turai suke tahowa in sanyin can ya tsananta, su ƙetare hamadar Sahara, su yi watanni a nan, kafin bazara su koma. Shirwa ta gitta, duk suka tashi lokaci guda, ƙarar fukafukansu ta cika wurin, suka yi kewaye suka sake sauka. Ƙanena, da bakinsa bai huta ba tun Wudil, bai ce uffan ba sai da muka miƙe.

A hanyar dawowa jagoran ya nuna mana kututturan itatuwan da aka sare, wasu don itacen sayarwa, wasu don bandar kifi. Ya ce ma'aikata sun yi kaɗan ga faɗin dajin, kuma mai saran ma ba baƙo ba ne, maƙwabci ne da yunwa ta koro. Bai faɗi haka da fushi ba. Ya ce abin da yake so shi ne mutane su riƙa zuwa gani, domin in baƙi na zuwa suna biyan jagora, suna sayen abinci a gari, matasa za su ga cewa itacen da ke tsaye ma yana kawo kuɗi. Na ba shi abin da ya sawwaƙa, na karɓi lambarsa don masu zuwa bayanmu.

Na tambaye shi inda ruwan ya nufa daga nan. Ya zana mini a ƙasa da sandarsa: kogin ya rarrabu, hanyar Marma ta yi arewa maso gabas ta zuba a tafkin Nguru, sauran ya lallaɓa ya haɗu da kogin Jama'are wajajen Gashuwa, daga nan ya zama kogin Yobe ya nufi tafkin Cadi. Ya ce, "Amma daga nan gaba, samari, aikin kwalekwale ne. Keke ya kawo ku iyakarsa."

Muka juya. Daga Baturiya zuwa Haɗeja iska na bayanmu, feda ba nauyi, har muka yi tafiyar hantsi da ba mu taɓa iya yi ba a zuwa. Saboda haka wanda ƙarfinsa bai kai ya yi ta kokawa da hunturu ba, ya sa kekensa a mota zuwa Haɗeja, ya faro daga can ya hauro yamma. A tashar Haɗeja yaran mota suka juya kan kekunan, suka ɗaure su a saman bas da igiyar roba, aka caje mu kuɗin kaya, muka kama hanyar gida, don albasa ta isa a yi mata taki na biyu.